Sabulun Salo a Kurmi: Daga Tukunyar Toka Zuwa Turmin Kwalliya

Kaɗanya ba ta yi a Fatakwal, kwakwar manja kuma ba ta yi a Katsina. Wanda ya taɓa bin mota daga Kano zuwa Inugu ya ga inda suke musayar wuri: kaɗanya tana raka matafiyi har ya wuce Lafiya ya doshi Makurɗi, daga nan ta fara ƙaranci, kwakwa ta mamaye daji. Amma a cikin ɗan curin sabulun nan baƙi da matan Hausawa ke dakawa a Uwani da Asata cikin Inugu, ko a wajen Bida Road ta Anaca, ko a Diobu ta Fatakwal, itatuwan nan biyu a cakuɗe suke. Kumfarsa ta ƙwallon kwakwa ce, laushinsa na kaɗanya ne, ƙamshin lalle da kurkum kuma daga jakar wata Hajiya da ta dawo daga ganin gida.

Yau ana sayar da shi cikin ƙananan robobi masu murfi, an manna takarda an rubuta cewa yana maganin ƙurajen fuska, yana goge tabo, yana hana tsufa. 'Yan mata na ɗaukarsa sabon yayi ne da ya zo tare da Instagram. Alhali sana'ar ta girmi layin dogon da ya kai kakanninsu Kurmi.

Toka ce uwar aikin. A ƙasar Hausa, in an gama girbi, mata kan tara karan dawa ko na gero su ƙone shi a wuri mai tsabta har ya zama toka zalla, domin tokar murhu da ta gauraya da ƙasa da gawayi ba ta da ƙarfi. Sai a samo tsohuwar tukunya a huhhuda gindinta, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma a ciki, a cika ta da tokar, a ɗora ta a kan wata tukunyar, a dinga zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Abin da ke ɗiga ƙasa ruwa ne ja-ja, mai santsi a yatsa, mai cizo a harshe. Shi ne ruwan toka. Marina sun san shi, masu girki ma sun san shi, don inda babu kanwa shi ake ɗigawa a miya. Mai sabulu takan dafa nata har ya ƙone ya yi kauri, sannan ta zuba mai: kitsen shanu in akwai mahauci a kusa, ko man kaɗanya, ko man gyaɗa. Daga nan sai tuƙi da muciya, wuni guda a gaban wuta, kumfa na tasowa tana faɗawa, har abin ya kama jikinsa ya yi duhu. A sauke, ya huce, a cura. Babu ma'auni sai ido da harshe, shi ya sa na wance yake wanke jariri lafiya lau, na wance kuma ya ɗaye wa babba fata. Sunan mai sabulu a kasuwar ƙauye ya rataya ne a kan wannan bambancin.

Turawa ba su gano abin da ke faruwa a cikin tukunyar ba sai a 1823, lokacin da Bafaranshe Michel Chevreul ya wallafa bincikensa kan kitse, ya nuna cewa sinadari mai kaifi ne ke farfasa mai ya mayar da shi sabulu da gilisarin. Kaifin da ke cikin tokar tsirrai fotash ne, kuma ɗabi'arsa ce ya ba da sabulu mai taushi da ke shan danshi. Wannan ne dalilin da sabulun salo ke narkewa in an bar shi a banɗaki, musamman a gari irin Fatakwal da ruwan sama ke kusan zagaye shekara.

Mutanen Kurmi ba su jira kowa ya koya musu ba. Wani ɗan kasuwar Holan, David van Nyendael, da ya ziyarci Benin wajen shekarar 1700, ya rubuta cewa mutanen wurin suna yin sabulunsu, har ya yaba shi. Ibo suna ƙona kan kwakwa bayan an cire 'ya'yan, su sami tokar da suke kira ngu, wadda ke shiga girkinsu ta kuma shiga tukunyar sabulunsu. Yarabawa suna ƙona ɓawon agada, su dafa da alayyadi, wato man ƙwallon kwakwa. Ɓawon koko da ake ta ambato yau a kan takardun sabulu baƙo ne a cikin sana'ar, domin noman koko bai kafu a wannan yankin ba sai ƙarshen ƙarni na 19. A Gana ma ana danganta yaɗuwarsa da irin da Tetteh Quarshie ya kawo a 1879. Matan Yarabawa 'yan kasuwa ne suka yaɗa irin wannan sabulun a Gana, ya zauna ya yi gida, ga shi yanzu yana dawo mana da sunan sabulun Gana, har ana yi masa kallon ya fi na gida daraja.

To, yaya na Arewa da na Kudu suka haɗu a turmi ɗaya?

Hausawa sun shiga ƙasar Ibo da bakin teku ta ƙofofi da dama, kuma ba sabulu ya kai su ba. Akwai mafarautan giwa da suka yi zango a Elele, kusa da inda Fatakwal take a yau, a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai dillalan dawaki, Hausawa da Nufawa, da suka saba da kasuwannin yankin Nsukka irin su Ibagwa, inda doki ke da daraja wajen bukukuwan sarauta da na binne manya. Akwai kuma hanyar ruwa, wadda ta fi duka tsufa: jiragen Nufawa da na Kakanda suna gangarowa Kwara ta Lakwaja har Anaca, ɗauke da kaya irin su kanwa. Wannan kanwar daga Barno da ƙasar Manga take tasowa a kan jakuna da takarkarai. Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya ga dubban kayanta suna ratsa birnin zuwa Nufe. Har gobe matar Ibo ba ta rasa ta a ɗakin girki. Malama Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka ta bi sawun waɗannan baƙin a littafinta kan shigar Musulunci Gabashin Nijeriya, wanda ya fito a 2011.

Amma abin da ya cika unguwannin Hausawa a Gabas shi ne kwal da jirgin ƙasa. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909. Don a fitar da shi aka gina tashar jiragen ruwa da Gwamna Lugard ya raɗa wa sunan sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt a 1913, aka ja layin dogo daga can ya iso Inugu a 1916. Daga baya layin ya miƙe Arewa ta Makurɗi da Kafancan, da aka buɗe gadar Binuwai a 1932 kuwa sai taragon shanu ya rinƙa tahowa kai tsaye ba sauke-sauke. Mahauta suka biyo shanu, masu tsire suka biyo mahauta, ga 'yan koli, ga wanzamai, ga malamai, ga tsofaffin sojoji da suka ƙi komawa gida. Zaman ya yi daɗi har Malam Umaru Altine, Bafillatani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Babban masallacin da ke Owerri Road a Asata da Cibiyar Musulunci ta Uwani shaida ne cewa zaman ba na kwana biyu ba ne.

Littattafan tarihi sun ƙirga shanu da goro, sun manta da matan da aka kawo daga baya. Amarya ce aka ɗauko daga Kano ko Zariya ko Haɗeja, da kwallayenta da tasoshinta, aka sauke ta a ɗaki ɗaya da rumfa a gidan haya, maƙwabta Ibo ta kowane gefe. Ta iya sabulu, ta ga kakarta na yi. Sai dai ina karan dawa a Uwani? Ina filin da za ta ƙona shi, ina maigidan hayar da zai yarda a wuni ana hayaƙi a tsakar gidansa? Dole sana'ar ta sauya kama. Dafa sabulu ya zama aikin matan ƙauyukan Ibo da Yarabawa masu toka da alayyadi a ƙofar gida, Bahaushiya kuma ta koma saye a kasuwar Ogbete ko ta Ose, ta kawo gida ta gyara shi yadda fatarta ta saba. Alayyadi yana da kumfa, yana da ƙarfin wanki, amma yana barin fata a bushe ƙamas. Sai ta narka man kaɗanyar da aka aiko mata daga gida ta hannun direban motar shanu, ta murza a ciki. Daga dahuwa aka koma haɗi. A ganina wannan ne babban abin da zaman Kurmi ya yi wa sabulun salo, kuma shi ne tushen duk abin da ake sayarwa a roba yau.

Ana cikin haka sai ga abokin gaba daga teku, kuma abin mamaki da man yankin aka yi shi. Tun ƙarni na 19 manja ke fita daga Bonny da Opobo da Kalaba zuwa Libaful, har Turawa suka kira yankin da Kogunan Mai. Sarki Jaja na Opobo ya yi ƙoƙarin riƙe cinikin a hannunsa, Turawa suka kama shi a 1887 suka kai shi gudun hijira. A Ingila, William Lever ya fito da sabulun Sunlight a 1884, yankakke, naɗaɗɗe cikin takarda, mai suna a jikinsa. Ƙishirwar mai ta sa ya sayi Kamfanin Neja ɗungurungum a 1920, abin da ya kai ga kafa UAC a 1929. A 1924 aka fara yin sabulun kamfaninsa a Apapa ta Legas. Kamfanin Paterson Zochonis suka mallaki masana'antar sabulu a Aba a 1948, Lever ma suka buɗe tasu a garin a 1958. Aba kuwa tana kan layin dogo tsakanin Fatakwal da Inugu, saboda haka unguwannin Hausawan Gabas na cikin waɗanda suka fara ganin kwalayen Key da Lux da sauransu a arha.

Sabulun kanti da soda ake yin sa, ba da toka ba. Tun da Leblanc a 1791 da Solvay a shekarun 1860 suka samo hanyar fitar da soda daga gishiri, sai masana'antu suka daina dogaro da ƙona itace. Soda na ba da sabulu mai tauri, mai jure ajiya, mai kama ɗaya yau da gobe. Ga turare, ga launi, ga hoton farar mace a kwali. A makaranta da asibiti da bariki, tsabta ta zama sabulu fari, baƙin kuma ya zama na ƙauye. Ba a jima ba ya rasa wankin tufafi, ya rasa wanke-wanke, ya rasa lefe.

Inda bai rasa ba shi ne inda tsofaffi ke da ta cewa. Ungozoma ba ta yarda a yi wa jariri wankan farko da abin da ba ta san cikinsa ba. Mai jego da ake yi wa wankan ruwan zafi da ganye har kwana arba'in, da shi ake cuɗa ta. Mai maganin gargajiya in zai ba da na ƙyasbi ko makero ko ƙazuwa, a cikin sabulun salo yake kwaɓa garinsa ya ce a yi wanka da shi safe da yamma. Wato kamfanoni sun kore shi daga bakin rijiya, sai ya koma ɗakin magani, kuma daga can ne ya samu sunan da yake ci har yau, na cewa shi sabulu ne mai warkarwa.

Shekarar 1966 ta yanke zaren. Bayan kashe-kashen da aka yi a Arewa da ramuwar da ta biyo baya, 'yan Arewa suka fice daga Gabas, unguwanninsu suka zama kufai. A ranar 30 ga Mayu 1967 aka ayyana Biyafara, Inugu ce hedikwatarta. A cikin ƙawanyar da aka yi wa yankin, gishiri ya yi wuya, sabulun kanti ya ɓace, mutane suka koma ga tokar kan kwakwa da manja kamar yadda iyayensu suka yi. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, Hausawa suka fara komawa sannu a hankali, shanu a gaba kamar kullum. Garki ta Awkunanaw, da kasuwar Artisan, da Ugwuoba, da Lokpanta a kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, duk sun zama wuraren da za ka ji Hausa zalla, ka sami mai sayar da lalle da kanwa da man kaɗanya a gefen masu albasa.

Talauci ma ya taimaka wa sabulun salo. Waɗanda suka yi wayo a 1984 suna tuna layin sayen kayan masarufi, inda sabulu da madara da omo suka zama abin da soja ke tsare rabonsa da bulala. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya naira, kayan kanti suka yi tsada. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, da cibiyoyin koyon sana'a da suka biyo bayansa, suka koya wa mata da yawa yin sabulu da kostik soda a bokiti. Wannan ya kawo abin sawa a baki, ya kuma kawo masifar da likitocin Nijeriya suka sha rubutu a kanta: yaro ya tarar da ruwan soda a kofi ko a gorar lemo, ya ɗauka ruwan sha ne, maƙogwaronsa ya ƙone har abinci ya daina wucewa. A shekarun 1990 wani kamfani a Legas ya sa baƙin sabulu a kwali da sunan Dudu-Osun, sai ga abin da aka raina yana zaune a kan kanta kusa da Lux, har ana fitar da shi Amurka da Ingila.

Haɗin fuska kamar yadda ake yin sa yanzu, kallonsa ma abin sha'awa ne. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, a kawo ƙaramin turmi da aka keɓe don wannan aikin kaɗai, don ba a son yaji ya taɓa shi. A farfasa sabulun salo da na Gana a ciki, a yayyafa ruwan ɗumi a bar shi ya jiƙa. Ga kwanoni a jere: garin kurkum rawaya shar, garin lalle tankaɗaɗɗe, majigi ja wanda Ibo ke kira uhie, busasshen ganyen darbejiya, zuma a kwalba, man kaɗanya a ƙoƙo. Ana daka ana juyawa da mara, abin yana danƙo yana kama taɓarya, har launukan su ɓace cikin juna ya koma ruwan ƙasa mai sheƙi. Mai saye na zaune a bakin ƙofa da mayafinta. "Hajiya, na fuska nake so, ba na jiki ba, ƙurajen nan sun hana ni sakat." Mai haɗin ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske. "'Yar nan, ke ce kike matsa su. Ki bar matsa su. Sau biyu a rana, kada ki bar shi ya kwana a fuskarki." A cikin wannan shawarar akwai ilimin da ya fi na cikin turmin.

Kowane abu a kwanonin nan da tarihinsa. Lalle da kurkum sun zo ta hanyar gyaran amare, tare da dilka da halawa da aka koyo daga Barno da Sudan. Majigi na daji ne na Kudu, matan Ibo sun daɗe suna shafa shi ga mai jego da amarya. Darbejiya kuwa, duk da ta zama kamar 'yar gida, daga Indiya take, kuma a shekarun 1920 aka fara dasa ta a Barno.

Shin yana maganin ƙurajen? A nan sai an yi adalci. Ƙurjin fuska yana farawa ne in ƙofar gashi ta toshe da maiƙo da matacciyar fata, wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Balaga da al'ada da ciki da gado su ne ke ƙara maiƙon, ba ƙazanta ba. Zafi da gumi na Kurmi suna tsananta abin, haka man shafawa mai nauyi da hoda, a Fatakwal kuma tun ƙarshen 2016 ga baƙin hayaƙin da ke sauka a kan komai, wanda aka danganta da tace ɗanyen mai ta ɓarauniyar hanya da ƙona shi. Sabulun salo yana kwashe maiƙo da datti sosai, kuma mai ƙananan ƙuraje za ta iya ganin sauƙi. Farar wuta da wasu ke ɗan barbaɗawa tsohon magani ce da likitocin fata ma suka sani. Amma fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami, ma'auninta yana wajen 5, sabulu kowane iri kuma yana wajen 9 zuwa 10. In aka yawaita, ko aka bar shi ya daɗe, sai fata ta bushe ta yi zafi ta fara saɓa, a baƙar fata kuma duk inda ya yi kumburi tabo yake bari. Zuma da darbejiya suna da amfaninsu, sai dai abin da zai yi ƙasa da minti ɗaya a fuska a ɗauraye, ba a ɗora masa buri. Hasken da kurkum ke bayarwa rini ne, kwana biyu ya tafi. Masu matsa lemon tsami da masu tsiyaya Dettol a ciki kuwa, ɓarna suke ƙarawa. Manyan ƙuraje masu ciwo da ruwa, waɗanda ke barin rami, na asibiti ne. Akwai magunguna irin su benzoyil feroksaid da tiretinoyin da aka shafe shekaru fiye da 50 ana amfani da su, kuma asibitin koyarwa na Inugu da na Fatakwal suna da likitocin fata.

Batun tsufa ya fi wannan sauƙin yankewa. Tamoji na zuwa ne in zaren da ke riƙe fata ta ciki ya ragu, rana kuma ita ce kan gaba wajen cinye shi. Babu sabulun da ke kaiwa can. Fatar da ta manyanta ma maiƙonta raguwa yake yi, saboda haka sabulu mai kaifi ƙara fito da layukan yake. Tsofaffin da ake misali da santsin fuskarsu, a ce ai sabulun salo ne sirrinsu, an manta rabin labarin: suna fitowa daga wanka suke murza man kaɗanya, ba sa yawo a rana tsaka, in sun fita kuma da mayafi. Kaɗanya tana da wani kaso mai yawa da toka ba ta iya mayarwa sabulu, shi ke zama a fata ya riƙe danshi. Kamfanonin kwalliya na Turai sun san haka, shi ya sa suke rububin 'ya'yanta daga Neja da Kwara da Kebbi, har gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensu na wata shida a Agustan 2025 don a sarrafa a gida.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da abin da ya shigo turmin a 'yan shekarun nan. Mai saye ba ta son jira, tana son ta ga canji kafin ranar biki, kuma abin da take kira canji shi ne haske. Mai haɗin da ta tsaya a kan kurkum da zuma sai ta ga kasuwa ta koma gidan maƙwabciya. Maƙwabciyar kuwa tana matse bututun man kanti a ciki, tana tsiyaya wasu ruwaye marasa suna daga ƙananan kwalabe, ta rufe ta rubuta "oganik". Abin da ke cikinsu sananne ne: haidirokwinon, da sitiroyid masu ƙarfi irin su kilobetasol, wani lokaci har da sinadarin makuri. Mako biyu na farko fuska takan yi fes, ƙuraje su kwanta, yabo ya yi ta zuwa a WhatsApp. Bayan wata uku sai sitiroyid ya fito da nasa ƙurajen, ƙanana masu yawa, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage hannu da cinya, ciwo ya ƙi warkewa. Haidirokwinon in ya daɗe yana barin baƙin tabo a kan kumatu wanda ba ya fita. Makuri kuma ƙoda yake nema, yana kuma ratsawa zuwa ɗan da ke ciki. Wato sabulun da aka saya don ƙuraje da tsufa, shi ke kawo ƙurajen ya kuma tsofar da fuskar.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Wata takarda ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara haske. Ana gardama a kan adadin, amma ba a gardama a kan yawan abin. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ƙasashe su hana makuri a sabulu da man shafawa. Hukumar NAFDAC ta fitar da dokar hana sinadaran bilicin a kayan kwalliya a 2019, a 2023 kuma shugabarta Mojisola Adeyeye ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. A Fabrairun 2025 hukumar ta rufe kasuwar magani ta Bridge Head a Anaca na tsawon makonni tana farautar jabu da haramtattun magunguna. Sai dai jami'in NAFDAC yana iya shiga kasuwa, ba ya iya shiga tsakar gidan matan aure, kuma robar da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu a gidan suna ba ta da lamba, ba ta da ranar lalacewa.

Ba dukan masu haɗi ne suka bi wannan hanyar ba, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. A Uwani da Anaca da Fatakwal akwai matan da wannan turmin ne ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, suna yin sa yadda suka gada, za su kuma lissafa maka abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Su ne ya kamata ƙungiyoyin mata da sarakunan Hausawan waɗannan garuruwa su tallafa wa, a koya musu awo da sikeli, da ajiye soda nesa da yara, da rubuta kayan haɗi a jikin roba, a taimaka musu su yi rajista.

Ke kuma mai saye, ki gwada a cikin damtsenki kwana biyu kafin ki kai fuska, kada ki wuce sau biyu a rana, ki bi da man kaɗanya kaɗan in fatarki mai bushewa ce. Kafin ki miƙa kuɗi, ki tambayi abin da aka zuba. In aka ce miki sirri ne, ko aka yi miki alkawarin haske cikin mako ɗaya, ki ajiye mata kayanta ki tafi.